Fayafayan bishara na Randy Travis: wanne za ka fara ɗauka, yaya kuma za ka saurare shi

Idan kuɗinka ko datarka ta faifai ɗaya ce tak, ka ɗauki Worship & Faith na 2003. Idan ta kai ta biyu, ka ƙara da Rise and Shine na 2002. Sauran ukun da Randy Travis, mawaƙin kantiri na Amurka, ya fitar tsakanin 2000 da 2005, wato Inspirational Journey, da Passing Through, da Glory Train, kowannensu yana da waƙoƙin da suka cancanci a ajiye, amma ba su kai waɗannan biyun riƙe kunne daga farko har ƙarshe ba. Hukuncina ke nan bayan na bi su ɗaya bayan ɗaya, a na'urar kunne da kuma a babbar sifika, da jita a hannu ina laluben yadda aka gina su.

Wanda ya taso yana jin Jim Reeves da Don Williams a rediyo ko a kaset ɗin mota ba zai ji muryar Travis baƙuwa ba. Gida ɗaya suka fito, gidan kiɗan kantiri na kudancin ƙasar Amurka: murya mai kauri a ƙasa, waƙa mai ba da labari, kayan kiɗa kaɗan. An haife shi ran 4 ga Mayu, 1959, a Marshville, ƙaramin gari a jihar Karolina ta Arewa, sunansa na yanka Randy Bruce Traywick. Ƙuruciyarsa ba ta yi kyau ba. Ya bar makaranta da wuri, ga giya, ga faɗa, ga faɗawa hannun 'yan sanda a kai a kai. Lib Hatcher, mai kula da wani gidan rawa a Charlotte, ita ta tsaya masa a gaban alƙali, ta ɗauke shi aiki, ta zama manajarsa, a 1991 kuma ta zama matarsa. A Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, ya yi girki da wanke kwanuka a Nashville Palace, yana hawa dandamali in an samu sarari, har kamfanin Warner ya ɗauke shi a 1985. Faifansa Storms of Life na 1986 ya dawo da tsohon salon kantiri a daidai lokacin da gidajen rediyo suka karkata ga kiɗan zamani, Always & Forever na 1987 kuwa ya ɗaga shi sama gaba ɗaya.

Juyowarsa ga bangaskiya ba irin ta dare ɗaya ba ce. A hirarrakinsa ya sha faɗa cewa da karatun Littafi Mai Tsarki kafin barci abin ya fara, ya ga hankalinsa yana kwanciya, sannu a hankali sauran suka biyo baya. Mai shakka zai iya cewa ai kasuwa ce ta kore shi, tun da a ƙarshen shekarun 1990 rediyon kantiri ya koma wajen su Garth Brooks da Shania Twain, shi kuma rabonsa da lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri tun 1994. Tambaya ce mai ma'ana, ba na kuma ganin laifin mai yin ta. Amsar da na gamsu da ita tana cikin aikin kansa. Mai neman kasuwa kawai yakan yi faifan bishara ɗaya ya koma inda ya fito. Wannan mutum ya yi biyar a jere cikin shekara shida, a ƙarƙashin Word, kamfanin fayafayan Kirista, yana zagaya majami'u yana waƙa yana ba da shaida, kuma bai sauya mai haɗa masa kiɗa ba. Kyle Lehning, wanda ya haɗa Storms of Life, shi ne dai ya haɗa waɗannan. Wannan ya sa ba a lulluɓe muryar da tarin mawaƙa da gogen Turawa ba, kamar yadda ake yi wa fayafayan bishara da yawa na zamanin.

Inspirational Journey na 2000 shi ne gwaji na farko, kuma ana jin haka. Yawancin waƙoƙin sababbi ne, an rubuta su da salon kantiri. "Baptism" ita ce ƙashin bayansa, labarin baftisma a rafi, da laka da jama'a a bakin ruwa, wadda Kenny Chesney ma ya rera tare da shi. A "The Carpenter" akwai Waylon Jennings da Jessi Colter. Inda faifan ya yi rauni shi ne waƙoƙin da suka bar labari suka koma nasiha tsagwaronta. Travis mai ba da labari ne, ba mai wa'azi ba, da zarar an ba shi baitin da babu mutum a ciki, babu wuri, babu abin da ya faru, sai muryar ta yi daɗi amma ba ta kama zuciya.

A Rise and Shine aka gyara wannan. Waƙar da kowa ya sani a ciki ita ce "Three Wooden Crosses", wadda Doug Johnson da Kim Williams suka rubuta. Ta kai lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri a 2003, ta kuma ci kyautar waƙar shekara ta CMA, ƙungiyar kiɗan kantiri ta Amurka, abin da ba a saba gani ba ga waƙar da ta fito daga kamfanin bishara. Ya kamata mai rubuta waƙa ya zauna ya warware ta, don minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai amma babu layin banza a ciki. Mutum huɗu ne a bas ɗin dare mai zuwa Meziko: manomi, malamar makaranta, karuwa, da mai wa'azi. Tirela ta buge su. Amshin ya ce gicciye uku ne na katako a gefen hanya, ba huɗu ba, bai kuma gaya maka wanda ya tsira ba. Baiti na biyu ya ƙidaya abin da manomi da malama suka bari a duniya, sannan ya nuna mai wa'azi yana sa Littafi Mai Tsarki mai jini a hannun karuwar. Sai a baiti na ƙarshe kake gane cewa faston da ke ba da labarin a majami'a ranar Lahadi ɗan matar nan ne, littafin da ya ɗaga wa jama'a kuma shi ne wanda uwarsa ta yi ta karanta masa. Dabarar ita ce ɓoye amsar lissafi mai sauƙi, huɗu a cire uku, har zuwa ƙarshe. Travis kuma bai ɗaga murya a wurin ba, bai yi kukan ƙarya ba, ya faɗi layin a natse ya wuce. Yawancin masu sake rera waƙar a nan suke ɓata ta, suna jan layin ƙarshe suna kwarmata shi, alhali ƙarfinsa yana cikin faɗarsa a hankali.

Kada wannan waƙa ta rufe maka sauran. "Raise Him Up" labarin mutum ne da ya auri mace mai ɗa ya riƙe yaron kamar nasa, sannan waƙar ta juya ga Yusufu mijin Maryamu. A ganina ta kusa kamo waccan a iya rubutu, kuma duk wanda ya taɓa riƙon ɗan wani zai ji ta a jikinsa. "Pray for the Fish" kuwa raha ce, ana yi wa wani shahararren mai zunubi baftisma a kogi, jama'a suna cewa a yi wa kifaye addu'a saboda abin da zai wanku a ruwan. Ba kowane dattijon ikilisiya zai yarda a sa ta a cikin sujada ba, gara a bar ta wa taron matasa ko tafiyar mota. Faifan ya ci kyautar Grammy ta bisharar kantiri, kamar yadda Worship & Faith da Glory Train ma suka ci daga baya.

Abin da ya sa na fifita Worship & Faith shi ne ya fi sauran amfani, ba daɗin ji kawai ba. Waƙoƙi 20 ne, galibinsu tsofaffin waƙoƙin ikilisiya: "Shall We Gather at the River" ta Robert Lowry daga 1864, "Blessed Assurance" ta Fanny Crosby daga 1873, "Softly and Tenderly" ta Will Thompson daga 1880, "In the Garden" ta Austin Miles daga 1912, har da "I'll Fly Away" ta Albert Brumley da "Peace in the Valley" ta Thomas Dorsey. Wanda ya girma da Littafin Waƙoƙi a hannu zai gane karin sautin da yawa daga cikinsu tun kafin a gama layin farko, domin daga wannan rumbun ne masu bishara na farko suka ɗebo waƙoƙin da suka juya zuwa Hausa. Kayan kiɗan kusan duk marasa lantarki ne, jita da mandolin da goge da makamantansu, kowanne yana shigowa ya cike gurbin da murya ta bari sannan ya ja da baya. Ka kasa kunne ga ƙarshen kowane layi. Yakan shiga sauti daga ƙasa ya hau kansa, ya ɗan makara a bayan bugu, sannan a ƙarshen layi ya sauka can ƙasa ya bar kalmar ta mutu da kanta. Wannan saukar ita ce hatiminsa, kuma ita ce abu na farko da ƙaramar sifika take cinyewa.

Faifan yana da aibi, aibin kuma ya ƙaru a Glory Train na 2005. An cusa waƙoƙin yabo na zamani a tsakiyar tsofaffin: "Open the Eyes of My Heart", "Above All" da "We Fall Down" a na farko, "Shout to the Lord" da "Here I Am to Worship" a na biyu. Waɗannan an gina su ne don taro ya yi ta maimaita amshi yana hawa sama, muryar jagora tana ƙara tsayi a kowane zagaye. Muryar Travis ba ta hawa, sauka take yi. Sakamakon kamar a sa wa dattijo rigar samari ne, ta shiga amma ba tasa ba ce. "Above All" ta fi sauran zama da shi saboda tana tafiya a hankali. Sauran nakan tsallake su, ban kuma ga na yi asarar komai ba. Abin da ya ceci Glory Train shi ne wuraren da ya haɗu da Blind Boys of Alabama, tsohuwar ƙungiyar bishara ta baƙaƙen Amurka, inda ake kira ana amsawa, kiɗan ya ɗauki zafi, shi ma ya saki jiki.

Passing Through na 2004 rabi kantiri ne rabi bishara. "Four Walls" da "Angels" sun isa a ajiye, sauran a ji sau ɗaya.

Yanzu ga yadda za a saurara, don a nan mutane da yawa suke yanke masa hukuncin da ba nasa ba. Muryar namiji mai kauri irin tasa tushenta yana sauka har wajen 100 Hz (ma'aunin zurfi ko tsayin sauti) da ƙasa da haka. Sifikar waya ba ta iya fitar da komai a wannan zurfin, sai ta bar maka saman muryar kawai, mai fita ta hanci, ka ce me ake yabo a nan. Ko na'urar kunne mai araha, irin mai shiga cikin kunne ta toshe shi, ta fi ta nesa ba kusa ba. A sifikar Bluetooth ko ta mota kuwa matsalar akasin haka ce. Yawancinsu sukan kumbura ƙasan sauti, sai jitar ƙasa ta hau kan murya, kalmomi su dagule. Ka kashe abin ƙara ƙarfin ƙasa, ka mai da ma'aunin sauti daidai wa daida. In har yanzu akwai duhu, ka ɗan rage wajen 250 Hz, ka ɗan ɗaga wajen 3 kHz, a nan baƙaƙen kalma suke fitowa. Game da data, fayil na MP3 mai 128 kbps yana cin kusan megabait ɗaya a minti, mai 320 kbps kuma kusan biyu da rabi. Ga kiɗa irin wannan, wanda babu hayaniyar da za ta ɓoye lahani, kada ka sauka ƙasa da 128, don nan da nan ƙarar mandolin da goge take komawa kamar ana kaɗa su a cikin ruwa. Turancinsa kuma na kudancin ƙasar Amurka ne, yana jan wasula yana haɗiye ƙarshen kalma. A waƙoƙin labari ka buɗe rubutun baitocin a gabanka a karon farko, in ba haka ba juyin da ke ƙarshen "Three Wooden Crosses" zai wuce ka ba ka sani ba.

Ga ƙungiyar mawaƙa ko mai jita da ke son ɗaukar wani abu daga Worship & Faith zuwa sujada, abu na farko shi ne kada ku kwafi ki ɗinsa, wato matakin sautin da ya ɗora waƙar a kai. An zaɓe shi ne don muryar mutum ɗaya mai kauri. In kun bi shi, mata za su rasa inda za su tsaya, ko su nutse ƙasa ko su haura sama su shaƙe. Ku nemo sauti mafi tsayi a cikin waƙar, ku sa shi kada ya wuce D na sama, sai ku gina ki daga nan. Misali, "Amazing Grace" a G tana farawa daga D ta ƙasa ta ƙare hawanta a D ta sama, shi ya sa G take yi wa taro daidai. Mai jita da ya iya kod uku, wato riƙon igiyoyi na G da C da D, ya ƙara da Em, ya riga ya mallaki fiye da rabin irin waɗannan waƙoƙi. In ana buƙatar ɗagawa, kapo, maƙalar da ake matse igiyoyin jita da ita, a gaɓa ta biyu yana mai da siffar G ta zama A, a ta uku kuma B♭, ba sai ya koyi sababbin riƙo ba.

Bugun hannun dama shi ne asirin salon, kuma ba shi da wuya. A waƙa mai bugu huɗu, babban yatsa ko tsinke ya taɓa igiyar ƙasa ita kaɗai a bugu na ɗaya, a share sauran igiyoyin a na biyu, a taɓa wata igiyar ƙasa dabam a na uku, a sake sharewa a na huɗu. A kan G igiya ta shida ce sannan ta huɗu. A kan C ta biyar ce sannan ta shida a gaɓa ta uku. A kan D ta huɗu a buɗe sannan ta biyar a buɗe. A waƙa mai bugu uku kuwa, ƙasa sau ɗaya, shara sau biyu. Abin da yake lalacewa kusan kullum guda uku ne. Mai ganguna da ya saba da bugu huɗu yakan tura waƙa mai bugu uku ko shida cikin huɗu ba tare da ya sani ba, sai jama'a su rasa inda za su ja numfashi, kuma "In the Garden" da "Softly and Tenderly" su suka fi shan wannan wahala. "Blessed Assurance" ma bugu tara ce, a ƙirga ta uku uku sau uku. Mai kibod yakan kunna kiɗan da na'ura take buga wa kanta, ya shimfiɗa sautin goge a kan komai, sai gurbin da ya kamata murya ta huta a ciki ya toshe. Jagora kuma yakan so ya kwaikwayi hancin Ba'amurke, alhali abin kwaikwayo a wurin Travis shi ne furta kalma sarai da ƙin gaggawa. In za a rera da Hausa, a bi yadda Littafin Waƙoƙi ya zaunar da gaɓoɓin, a ari natsuwar kiɗan kawai.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye wa mai saye ba. Labarin mutumin nan bai tafi a miƙe ba bayan fayafayan. Aurensa da Lib ya mutu a 2010. A 2012 an kama shi sau biyu a Teksas kan abin da ya shafi giya, na farko a Fabrairu, na biyu a Agusta bayan haɗarin mota. Wasu suna ganin wannan ya zubar da darajar waƙoƙin. Ni ban ga haka ba, domin tun farko bai rera su a matsayin wanda ya gama tsarkaka ba, mutanen da ke cikin labaransa ma karuwa ce da mashayi da mai riƙon ɗan wani. A Yulin 2013 ciwon zuciya ya kwantar da shi, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya, aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, magana da waƙa suka kusa ɗauke masa gaba ɗaya. A Oktoban 2016, ranar da aka shigar da shi zauren girmamawa na mawaƙan kantiri a Nashville, ya tsaya tare da matarsa ta biyu, Mary, ya rera "Amazing Grace" da kalmomi masu fita da ƙyar. Bidiyon yana nan a YouTube, kuma ina ba da shawara a gan shi bayan an ji Worship & Faith, ba kafin ba, don a san abin da aka rasa da abin da ya rage.

Wannan tarihin yana da amfani wajen saye. Tun daga 2013 bai iya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya rera sabuwar waƙa kamar da ba. Kusan duk abin da ya fito bayan nan da sunansa, ko dai tsohon ɗauka ne da aka tono, kamar Precious Memories na 2020, ko tarin waƙoƙin da suka riga suka fito, ko aikin na'ura. "Where That Came From" ta 2024 da fasahar ƙirƙirarriyar basira aka yi ta, James Dupré ya rera tushen, aka ɗora muryar Travis a kai, da yardarsa, Kyle Lehning kuma ya haɗa, ba a kuma ɓoye wa kowa ba. Amma intanet ta cika da dogayen bidiyoyi masu hotonsa da take irin na sabuwar waƙar bishara, waɗanda muryar ciki ba tasa ba ce. Ka duba sunan tashar da ta ɗora, ka duba ko waƙar tana cikin jerin ɗaya daga fayafayan nan biyar. Haka kuma tarin da aka fitar a 2009 mai suna Three Wooden Crosses: The Inspirational Hits, daga cikin waɗannan fayafayan aka tsinto shi, don haka wanda ya riga ya mallaki Rise and Shine da Worship & Faith ya gwada jerin waƙoƙin da nasa kafin ya biya, kada ya sayi abu ɗaya sau biyu.